Juye Hotuna da Bidiyo Daga Kyamara Zuwa Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi

Shekarun da na yi ina ɗaukar hoto a wuraren biki da suna da saukar karatu da hawan sallah sun nuna mini cewa yawancin hotunan da ke salwanta ba a filin ɗauka suke salwanta ba. A kan tebur suke salwanta, da daddare, lokacin da mai hoto ya dawo a gajiye yana son ya juye kati ya kwanta. Ɗaurin aure kuwa ba a sake shi don hoto ya ɓata. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda yaran da nake koya wa aiki, da abokan sana'a, da masu kyamarar gida suka fi kawo mini.

Malam, wanne ya fi: in jona kyamarar da kebul, ko in zare katin in sa a kwamfuta?

Zare katin. Ka sa shi a ramin kati na laftof ɗinka in tana da shi, in ba ta da shi ka sayi na'urar karanta kati, wadda 'yan kasuwa ke kira kad-rida. Ana samun ta a duk inda ake sayar da kayan waya, daga Farm Centre ta Kano har ƙananan rumfunan bakin titi.

Dalilina na farko baturi ne. In ka jona kyamara da kebul, dole ta zauna a kunne har a gama, kuma in baturin ya mutu ana tsakiyar aiki, fayil ɗin da ake kwafa a lokacin zai iso a gutsure. Na biyu, bakin USB na jikin kyamara ƙarami ne, a manne yake da allon cikinta. In ya kwance saboda yawan sa-da-cirewa, kuɗin gyaransa ya ninka kuɗin kad-rida sau da yawa. Na uku sauri: kyamarori da yawa, har da waɗanda ba su tsufa can ba, bakin USB 2.0 gare su.

Wuri ɗaya nake karkata ga kebul, shi ne tsoffin manyan kyamarori masu katin CompactFlash. Ramin wannan kati yana da siraran allurai 50 a ciki, in aka tura katin a karkace allura ɗaya ta lanƙwashe, an shiga ɗawainiya. Wanda hannunsa bai saba ba, gara ya bar katin a ciki.

Na jona kyamarar, an kunna ta, amma kwamfuta ko motsi ba ta yi ba. Me ya faru?

Fara da kebul ɗin. Akwai wayoyin USB da caji kawai suke yi, babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsu, kuma da ido ba za ka bambance su ba. Irin waɗanda ke zuwa da tocila ko ƙaramar fanka mai caji yawanci haka suke. Canza kebul, canza ramin USB. In kwamfutar tebur ce, gwada ramukan baya.

In ba kebul ba ne, shiga saitin kyamarar. A Sony akwai wurin da aka rubuta USB Connection, inda za ka zaɓi Mass Storage ko MTP. Na farkon yana sa kyamarar ta fito kamar filasha, shi ya fi sauƙi. In an bar ta a PC Remote, jiran umarnin ɗauka take yi daga kwamfuta, ba za ta buɗe maka hotuna ba. Kyamarorin Canon kuwa ba sa fitowa da harafi irin na filasha, sai dai ka ga sunan kyamarar a cikin This PC. Sannan a wasu samfuran Canon irin su 70D da 6D, muddin Wi-Fi na kunne, bakin USB a kashe yake. Wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun ɗauki kyamara lafiyayya sun kai wa mai gyara.

In kati ka sa a kad-rida ya ƙi fitowa, duba shekarun na'urar. Katin SD iri-iri ne: na asali da ya fito a 1999 iyakarsa 2GB, SDHC ya kai 32GB, SDXC kuma daga nan har 2TB. Tsohuwar kad-rida da aka ƙera kafin zuwan SDXC a 2009 tana iya ƙin karanta katin 64GB.

Katin ya buɗe, amma folda-folda nake gani. Ina hotunan suke?

A cikin DCIM. Duk kyamarar da ka ɗauka, har da ta wayarka, wannan sunan take ba foldar hotuna, domin kamfanonin Japan sun daɗe da yin ƙa'ida guda a kan yadda za a jera fayiloli a kati. A ciki za ka tarar da wata folda mai lamba uku a gaba: 100CANON, ko 100MSDCF in Sony ce, ko 100_FUJI. In hotuna sun yi yawa za ka ga 101, 102, duk ka kwashe su.

Hotuna sun fito, bidiyon kuma babu. Ya goge ne?

Da wuya. Wannan tambayar masu Sony da Panasonic ne suka fi yin ta, kuma hankalinsu a tashe suke zuwa. Waɗannan kyamarori ba koyaushe suke ajiye bidiyo a DCIM ba. In an ɗauka da tsarin AVCHD, wanda kamfanonin biyu suka fito da shi a 2006, bi wannan hanya: PRIVATE, sai AVCHD, sai BDMV, sai STREAM. Nan za ka ga fayiloli masu ƙarewa da MTS. In kuma tsarin XAVC S ne na Sony, hanyar ita ce PRIVATE, M4ROOT, CLIP.

Shawarata, kada ka tsinci fayilolin bidiyon su kaɗai. Kwafi foldar PRIVATE ɗungurungum. Ƙananan fayilolin da ke kewaye da bidiyon, waɗanda kake gani kamar ba su da amfani, su ke gaya wa manhajar tace bidiyo yadda za ta haɗa dogon ɗauka da aka raba gida-gida. Na ga wanda ya kwashe DCIM kawai, ya yi wa katin fomat, wato ya share duk abin da ke cikinsa, ya tafi wani aikin, alhali wa'azin walima gaba ɗaya yana cikin PRIVATE.

Oga, ni Cut nake yi in yi Paste, don katin ya zama fanko kai tsaye. Akwai laifi?

Akwai, kuma in ba za ka riƙe komai daga wannan rubutu ba, riƙe wannan: Copy ake yi, ba a yin Cut.

Ga abin da ke faruwa. Idan ka yi Cut, kwamfuta tana kwafar fayil ta goge na kan katin, ta kama na gaba ta yi masa haka. In aka ɗauke wuta, ko kebul ya motsa, ko yaro ya taɓa kad-ridar, sai ka wayi gari rabin aikin yana nan rabi yana can, ba ka da tabbacin wanne ya isa lafiya. Mafi muni, wani lokaci hoto yakan iso da lahani ba tare da kwamfuta ta ce uffan ba, sai ranar da ka buɗe shi ka ga rabinsa toka-toka ko launi ya zame. In Copy ka yi, na asali yana nan a kati, sai ka sake kwafa. In Cut ka yi, wanda ya lalace ɗin shi ne kaɗai ya rage maka.

Ga yadda nake yi, kuma haka nake sa duk yaron da ke aiki da ni ya yi. Kafin in sa kati, ina duba cajin laftof. In kwamfutar tebur ce kuma babu UPS, wato baturin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ba na farawa sai na tabbatar da wutar, ko a tada janareta. Ina tura ɗan makullin da ke gefen katin zuwa Lock, don kada a rubuta komai a kansa bisa kuskure. Ina kwafa. In an gama, ina danna dama a kan foldar kati da ta kwamfuta, in buɗe Properties, in gwada adadin fayiloli da nauyinsu. In kati ya ce fayil 1,246, kwamfuta ma dole ta ce 1,246. Daga nan ina buɗe hotuna da idona, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, bidiyo kuma in ja shi har ƙarshensa in ga yana tafiya. Gani ya kori ji.

Ko bayan wannan ban gama ba. Sai na sake kwafar foldar zuwa wani had-dis na waje. Hoton da ke wuri ɗaya tak, a wurina ba a ajiye shi ba tukuna, domin laftof tana faɗuwa, ana sace ta, ruwa yana shiga ɗaki da damina. Masu wannan sana'a a duniya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A wurinmu ma'anarta mai sauƙi ce: ɗaya a kwamfutar shago, ɗaya a had-dis, had-dis na biyu kuma a gida, ba a shagon ba. Duk wanda ya ga gobarar kasuwa ya san dalili.

Sai an yi duk wannan sannan ake share kati. Kuma a cikin kyamara ake yi masa fomat, ba a kwamfuta ba, domin kyamarar ce ta san tsarin da take so da foldojin da za ta gina. In kana da aiki washegari kuma ba ka samu sukunin yin kwafi biyu ba, ɗauki wani katin. Shi ya sa mai hoton kirki ba ya yawo da kati ɗaya.

Na zuba hotunan biki biyu a folda ɗaya, kwamfuta ta tambaye ni wani abu na danna, yanzu wasu sun ɓace.

Sun taka juna ne. Kyamara ba ta san sunan amarya ba, lamba take bayarwa: IMG_0001 a Canon, DSC_0001 a Nikon, DSC00001 a Sony. In ta kai 9999 sai ta koma farko. Wasu kuma an saita su su koma 0001 duk lokacin da aka sa sabon kati ko aka yi fomat. To in hoto mai suna IMG_0045 ya tarar da wani IMG_0045 a folda, Windows za ta tambaye ka, in ka zaɓi Replace, sabon ya hau kan tsohon ya shafe shi.

Maganin abu biyu ne. A kyamara, mai da lambar ta zama mai ci gaba: Continuous a Canon, File number sequence a kunne a Nikon. A kwamfuta kuma kowane aiki da foldarsa, kuma ka fara sunan da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-04-10 Hawan Sallah. In ka yi haka foldojin da kansu za su jeru bisa tarihi. In kyamara biyu aka yi aikin da su, kowacce a ba ta ƙaramar folda a ciki. Sunaye irin su "sabo", "sabo 2", "na jiya" ba sa amfanar kowa bayan wata shida, ranar da uwar amarya ta aiko a sake wanke mata hoto ɗaya.

Me ya sa juyewar take cin lokaci haka?

Abu uku ne a jere, kati da kad-rida da ramin kwamfuta, kuma wanda ya fi rashin sauri a cikinsu shi ke ja wa sauran. USB 2.0 a aikace bai cika wuce 30MB zuwa 40MB a daƙiƙa ba, don haka cikakken katin 64GB zai ci wajen rabin awa. Da kad-rida ta USB 3.0 a rami mai shuɗin harshe, da kati mai bada 90MB a daƙiƙa, aikin bai fi minti 12 ba. In katinka UHS-II ne, wato mai layi biyu na ƙarafa a baya, sai da kad-rida mai irin wannan layin zai nuna saurinsa.

Ka kuma san nauyin abin da kake ɗauka. Bidiyon 4K da ake ɗauka a megabit 100 yana cin wajen 45GB a awa ɗaya. Ba laifin kwamfutar ba ne.

Bidiyon da na ɗauka a jere ya fito gunduwa-gunduwa. Kuma filashata ta ƙi karɓar wani, alhali akwai wuri.

Tushensu ɗaya. Katin 32GB zuwa ƙasa yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB. In ɗauka ta kai nan, kyamara sai ta rufe fayil ta buɗe wani. Babu abin da ya ɓata, a manhajar tacewa za ka jera su. Filashar ma haka ne: FAT32 ce, shi ya sa ta ƙi fayil mai 6GB ko da fanko take. Kwashe abin da ke cikinta, ka yi mata fomat zuwa exFAT. Wannan tsarin Windows da Mac duk suna karanta shi suna rubutu a kansa, saɓanin NTFS da Mac ke karantawa kawai.

Kada a haɗa wannan da tsayawar da tsoffin kyamarorin hoto ke yi a minti 29 da daƙiƙa 59. Wancan iyaka ce da kamfanoni suka sa saboda harajin da Tarayyar Turai ta ɗora a da kan kyamarorin bidiyo.

Wasu hotunan sun ƙi buɗewa, sunansu yana ƙarewa da CR2 ko NEF.

Ɗanyen hoto ne, wanda ake kira RAW, wato abin da idon kyamara ya gani kafin a dafa shi ya zama JPEG. CR2 da CR3 na Canon ne, NEF na Nikon, ARW na Sony, RAF na Fujifilm. Kowane kamfani yana bada manhajar buɗe nasa kyauta: Digital Photo Professional ta Canon, NX Studio ta Nikon, Imaging Edge ta Sony. A Windows kuma akwai Raw Image Extension a Microsoft Store. Kada ka goge su don sun yi nauyi. Ranar da fuskar ango ta yi duhu a ƙarƙashin rumfa, ko farar shadda ta ƙone da hasken rana, daga RAW ake ceto hoton.

In bidiyo ne ake jin murya babu hoto, galibi tsarin HEVC ne kwamfutar ba ta gane ba. Buɗe shi da VLC.

Na sa katin, Windows ta ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. In danna?

A'a. Danna Cancel ka zare katin. Gwada shi a wata kad-ridar, a wata kwamfutar, sannan a cikin kyamarar. In kyamarar tana nuna hotunan, to ga ranar kebul: jona ta ka kwashe ta nan.

In ko'ina ya ƙi, ko kuma kai ne ka goge hotuna bisa kuskure, abu mafi muhimmanci shi ne ka daina ɗaukar komai da wannan katin. Ko hoto ɗaya. Gogewa ba ta cire hoton daga kati nan take, sunansa kawai ake cirewa daga rajista a ce wurin ya zama fili. Hoton yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. Kulle katin, ka nemo manhajar ceto fayil mai suna PhotoRec, kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux, ko Recuva in Windows ce. Abin da aka ceto a zuba shi a kwamfuta, kada a mayar da shi kan katin da ake ceto daga gare shi. PhotoRec ba ta dawo da sunayen asali, sai ka zauna ka tantance, amma wannan ƙaramar wahala ce. Hotuna sun fi bidiyo dawowa lafiya, domin dogon bidiyo yakan warwatsu a wurare da yawa a kati. Sannan in fomat mai zurfi aka yi, irin wanda Canon ke kira Low level format, to sai haƙuri.

Na kai katina wani shagon kwamfuta a wanke mini hoto, da na dawo duk foldojin sun koma wasu 'yan alamu masu kibiya.

Hajiya, kwantar da hankalinki, hotunanki suna nan. Bairos ne da ke yawo ta filasha, ya ɓoye foldojin gaske ya ajiye na bogi a madadinsu. Kada ki danna ko ɗaya, dannawar ce ke shigar da shi kwamfutarki. A fara bincike katin da manhajar kashe bairos. Sannan a buɗe Command Prompt a rubuta wannan, a sa harafin katin a wurin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin za su bayyana. A kwashe hotunan, a yi wa katin fomat a kyamara. Ni ma haka ta taɓa faruwa da ni a wani shago da hotunan saukar Alƙur'ani ta ɗalibai, kuma tun daga ranar katin kyamarata bai sake shiga kwamfutar da ba tawa ba. In za a kai wanki, a zuba waɗanda aka zaɓa a wata filasha dabam. In dole ne sai katin, a tura makullinsa zuwa Lock kafin a miƙa.

Na sayi katin 64GB, kwamfuta ta nuna 59 da 'yan kai. An cuce ni?

Ba a cuce ka ba. Kamfani yana ƙirga gigabait da dubu-dubu, Windows tana ƙirgawa da 1,024, shi ya sa 64 ke komawa wajen 59.6.

Cutar gaske dabam take. Akwai jabun kati da aka rubuta wa 128GB ko 256GB, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai fi 8GB ko 16GB ba. Zai yi ta karɓar hotuna kamar lafiya, sai an zo juyewa a tarar duk abin da ya haura ainihin cikinsa ba ya buɗewa, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da tun farko bai samu wurin zama ba. Araha ba ta ado. Duk sabon kati, kafin ya je wurin aiki, a gwada shi da manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Mac da Linux. Suna cika katin da bayanai su sake karantawa, su faɗi gaskiyar cikinsa. Yi gwajin a ranar da ka saya, tun mai shago bai manta fuskarka ba.

Ba ni da kwamfuta. Waya za ta yi?

Za ta yi, na ɗan lokaci. Wayoyin Android da yawa suna karɓar kad-rida ta bakin caji, haka iPhone 15 zuwa sama masu USB-C. Tsoffin iPhone sai da mahaɗi na musamman. Akwai kuma manhajojin Wi-Fi irin su Camera Connect na Canon da SnapBridge na Nikon, amma a lura: SnapBridge in yana turawa da kansa, ƙaramin kwafi mai megafiksel 2 yake turawa. Ya isa a ɗora a Facebook, bai isa a wanke babban hoton bango ba. Kada ka ga hotuna a waya ka ɗauka an gama, ka share kati.

Ta WhatsApp nake tura wa masu biki. Suna cewa hoton ba ya fita in an wanke.

Gaskiyarsu. WhatsApp yana matse hoto ya rage girmansa, ko da an zaɓi HD. Tura shi a matsayin Document, zai isa yadda yake, kuma ana iya tura fayil har 2GB ta haka. In suna da yawa, ɗora su a Google Drive, wanda ke bada 15GB kyauta, ka tura musu hanyar shiga. In data ta yi tsada, filasha sabuwa a saka kuɗinta cikin cinikin tun farko.

Hotunan sun fito da kwanan watan da ba shi ba, sun hargitse.

Agogon kyamarar ne ba a saita ba. Kowane hoto yana ɗauke da lokacin da aka ɗauke shi a cikinsa, kuma kyamarar da aka sayo ta hannu daga Turai ko Dubai takan zo da agogon can. Saita shi yau. In ku biyu ne ke ɗauka a taro ɗaya, ku daidaita agogonku kafin a fara, don hotunan su jeru daidai in an haɗa. Waɗanda aka riga aka ɗauka, manhajoji irin su Lightroom ko ExifTool suna iya matsar da lokacinsu gaba ɗaya a tashi guda. A Windows kuma a jera su da Date taken.

Dole ne sai na yi Eject kafin in zare?

Yi. Daƙiƙa biyu ne. Haka kuma kada ka buɗe murfin kati a kyamara alhali 'yar fitilar nan tana ƙiftawa, rubutu take yi. Da hunturu a riƙa sa kati a 'yar kwalinsa, domin ƙura tana shiga ramin kad-rida ta hana ƙarafan haɗuwa. In sun yi datti a goge da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da yawu, ban da ruwa.

Bayan na ba masu biki hotunansu, ya halatta in ci gaba da ajiye su?

Ajiyewa alheri ce, domin sau da yawa sukan dawo bayan shekaru sun ce nasu ya ɓata. Amma amana ce mai nauyi. An shigar da kai cikin gida, ka ɗauki mata a wurin kamu da lalle da wuni, cikin shigar da ba da ita suke fita waje ba. Ba kowa aka yarda ya gani ba. Don haka kwamfutar aiki a sa mata kalmar sirri, kada ta zama wurin da abokai ke zama suna kallon hotunan mutane. Kada a ɗora hoton kowa a intanet don tallar sana'a sai an tambaye shi ya yarda. In za a kai laftof gyara, a kwashe hotunan mutane tukuna. In za ka sayar da kyamara, riƙe katinka, domin manhajar da na ce tana ceto hotunanka, ita ce wani zai sa ya tono na matan mutane daga katin da ka ɗauka ka share. In kuma mai gida ya ce a ba shi duka a goge na wurinka, haƙƙinsa ne. Sai dai ka gaya masa ya yi kwafi biyu kafin ka goge.

Baba ya bar mana ƙananan kaset na bikin gidanmu. Ana iya mai da su kwamfuta?

Ana iya, kuma ina roƙonka kada ka jinkirta, domin zafi da laima suna cin zaren kaset, na'urorin kunna shi kuma kullum raguwa suke. In an rubuta MiniDV a jikinsu, bidiyon da ke ciki na dijital ne, ana iya kwashe shi ba tare da ya rage kyau ba. Sai dai ba a juye shi kamar kati. Dole a samu kyamarar MiniDV mai aiki, a jona ta da kebul ɗin FireWire, wanda Sony ke kira i.LINK, a kunna kaset ɗin kwamfuta tana naɗa. Kaset na awa ɗaya awa ɗaya zai ci, kuma zai ba da fayil na wajen 13GB. Bakin USB da ke jikin yawancin waɗannan kyamarori na hotunan kati ne, ba ya fitar da bidiyon kaset da cikakken kyansa.

Wahalar ita ce laftof ɗin yanzu ba su da ramin FireWire. Hanya mafi sauƙi ita ce kwamfutar tebur a sa mata katin FireWire a ciki, ko a nemo tsohuwar laftof mai ramin, a yi amfani da ƙaramar manhaja irin WinDV. Wayoyin nan masu arha da ake cewa suna mai da FireWire zuwa USB ba sa aiki, kada ka ɓata kuɗinka. In kuwa manyan kaset ne na VHS, sai an samu bidiyo mai kunna su da na'urar naɗa mai karɓar wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja.

Tambayi tsofaffin masu ɗaukar biki na garinku, waɗanda suka yi aiki a shekarun 2000, wasunsu har yanzu suna da kayan a ajiye. Kafin a sa kaset ɗinku, a fara gwada na'urar da wani kaset marar muhimmanci don a ga ba ta cin zare, sannan a tura ɗan makullin da ke bayan naku zuwa SAVE don kada a naɗi wani abu a kansa. Bayan an gama, kaset ɗin a mayar da su kwalinsu a ajiye a tsaye, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika.